Kai a wani kabari, jiki a wani: muhawara kan dokin laka mai siffar mutum na Girkawan dā

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da muka rufe maganar dalar Masar wasu ke cewa a leƙa Girka, to ga hoto nan na ɗora, ku dube shi da kyau kafin ku karanta bayani. Mutum-mutumi ne na gasasshiyar laka, tsayinsa santimita 36. Daga ƙugu zuwa sama mutum ne, sauran jikin na doki ne mai ƙafa huɗu. Wannan halitta ta almarar Girkawa ita ake kira kentaur. Masu tonon kayan tarihi na Birtaniya ne suka same shi a ƙarshen shekarun 1960, a wata tsohuwar maƙabarta da ke Lefkandi a tsibirin Ebiya, kuma an ƙiyasta an gina shi wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Yau yana ajiye a gidan tarihin garin Eretiriya, kusa da inda aka tono shi.

Ku ƙara girman hoton ku duba hannun dama da ya riƙe ƙugu da shi, yatsu shida ne. Ku sauko gwiwar ƙafar gaba ta hagu, akwai wani sara mai zurfi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya cikin hoton, domin an riga an liƙe wuyan. Ba a haɗe aka same shi ba. Kan yana cikin wani kabari, gangar jikin tana wani kabarin daban, 'yan taku kaɗan tsakaninsu. Ni a ganina wanda ya gina abin nan wani takamaiman gwarzo na labarinsu yake nufi, waɗanda suka raba shi biyu kuma da niyya suka yi. Me kuka gani?

Shamsu Jos:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni dai kallon farko abin wasan yara na gani. Ya faɗi ya karye, aka ba wannan kai aka ba wancan jiki. Yatsa na shida kuwa ai tuntuɓen hannu ne, mai tsaga yatsu da tsinke ya ƙara layi ɗaya.

Ustaz Nura:
Malam Habu, da girmamawa nake tambaya. Waɗannan ai gumakan mushirikai ne. Mene ne amfanin mu zauna muna ƙirga yatsun gunki? Akwai yara a zauren nan, ina gudun kada su ɗauka abin sha'awa ne.

Malam Habu Zariya:
Ustaz, tambayarka a kan hanya take, kuma babu wanda ya ce a girmama su. Amma Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Mutanen Lefkandi na wancan zamani ba su bar rubutu ko layi ɗaya ba. Tsohon rubutun Girkawa ya ɓace tun wajen shekara 1200 kafin Miladiyya lokacin da fadojinsu suka rushe, sabon kuma bai bayyana ba sai a ƙarni na 8. To a wannan tsakanin, in ba ta tukwanensu da kaburburansu ba, ta ina za a duba su?

Dakta Rabi:
Sannunku da muhawara. Ustaz, bari in raba maka zancen, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ana samun irin waɗannan kayan laka a wuraren bautarsu, ana samunsu a kaburbura, ana samunsu a kangon gidaje. Na wuraren bauta, gaskiyarka, kayan shirka ne. Mai kuɗi ya kai na tagulla ko na farin dutse, talaka ya sayi na laka ya ajiye don cika alwashi. A 1929 wasu masu bincike daga Suwidin sun tono wani wurin bauta a Ayiya Irini, a tsibirin Kubrus, suka tarar da mutum-mutumi wajen 2,000 a tsaye, an jera su sahu-sahu sun yi wa wurin yanka rabin da'ira, ƙanana a gaba manya a baya. Akwai sojoji, akwai kekunan yaƙi, akwai bijimai, akwai masu rabi mutum rabi dabba. Wannan ba ya buƙatar fassara.

Amma kuma a kaburburan yara an samu dawakan laka masu taya da ake ja da igiya, da 'yartsana mai hannu da ƙafa da aka ɗaure da zare suna lilo. Waɗannan kayan wasa ne. Su kentaur da sauran dodannin kuma galibinsu ba alloli ba ne a wurinsu, mutanen cikin labari ne.

Maman Hanif:
Ustaz, maganar Dakta ta tuno mini da wani hadisi da muka yi a Islamiyya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya dawo daga wani yaƙi, iska ta yaye labule, sai ya ga kayan wasan Nana A'isha, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta doki da fukafukai, ta ce ashe bai ji Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba, ya yi dariya. Ko ba haka yake ba?

Ustaz Nura:
Haka yake Hajiya, Abu Dawud ne ya ruwaito shi, kuma daga nan malamai suka ɗauki sassauci kan kayan wasan 'yan mata. Amma sassaucin bai kai kan abin da aka jera a gaban wurin yanka ba. Na yarda a yi nazari, da sharaɗin a riƙa kiran kowane abu da sunansa kamar yadda Dakta ta yi. Ku ci gaba, ina biye.

Dakta Rabi:
Allah ya saka da alheri, Ustaz. To mu koma kan saran gwiwa. A labarin Girkawa kentaur mutanen daji ne, mashaya, masu faɗa da rassan itace da duwatsu. Guda ɗaya ne ya fita daban, sunansa Kiron. Yana zaune a wani kogo a dutsen Feliyon, masanin magunguna ne, shi ya yi renon jarumi Akilis da Askilefiyos wanda suke ɗauka uban likitanci. Wata rana jarumi Herakiles yana yaƙi da sauran kentaur, kibiyarsa mai dafi ta kuskure ta soki Kiron a gwiwa. Shi kuwa a labarin ba ya mutuwa, dafin kuma ba ya da magani, ga shi mai warkar da kowa ya kasa warkar da kansa. Azaba ta ishe shi har ya roƙa a karɓi rashin mutuwar a bar shi ya huta.

Shi ya sa masana da dama ke cewa na Lefkandi Kiron ne. In haka ne, yana cikin mafi tsufan hotunan wani labari na almarar Girkawa da ake da su. Kuma dutsen Feliyon ba nisa gare shi ba, yana tsallaken ruwa daga arewacin tsibirin Ebiya. Yatsu shidan ma wasu na karanta shi a matsayin alamar wanda ya wuce sauran mutane.

Bala Lauya:
Dakta, a yi mini afuwa, wannan hujjar ba za ta tsaya a gaban alƙali ba. Littafin da ya ce a gwiwa kibiyar ta same shi an rubuta shi ne a zamanin Rumawa, wajen shekara 1,000 bayan an binne wannan lakar. Homa, tsohon mawaƙin Girkawa wanda ya fi kusa da zamanin, ya ambaci Kiron a matsayin mafi adalcin kentaur wanda ya koya wa Akilis magani, amma bai kawo zancen rauni ba. Ta yaya za a ɗauko labarin da aka rubuta daga baya a ɗora wa abin da ya girme shi da ƙarni goma? An ga sara, an san labari, sai aka ɗaura musu aure. Ni ina tare da Shamsu, wataƙila faɗuwa ya yi.

Baba Tanko:
Yara, ku bari tsoho ya ce wani abu. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ke karanta mini wasu sunayen, amma gidanmu gidan ginin tukwane ne, da yumɓu na buɗe ido. Sara iri biyu ne. In abu ya gasu sannan ya bugu, ɓalli yake yi, bakin wurin ya yi kaushi, cikin ya fito da launi daban. In kuwa da ɗanyensa aka sa wuƙa, bakin yakan yi sumul, lakar ta ɗan tattaru a gefe. Duk wanda ya riƙe abin a hannu zai bambance ba tare da gardama ba. Malama Rabi, su da suka riƙe me suka ce?

Kai kuma Shamsu, dubi zanen da ke jikinsa. Layukan nan masu kama da haƙoran zarto, kowanne ya zauna daidai da ɗan'uwansa har ƙasa. Mai wannan natsuwar ba ya ɓata lissafin yatsu.

Dakta Rabi:
Baba, sannu da ƙoƙari. Waɗanda suka nazarce shi sun tafi a kan cewa da gangan aka yi saran, aikin magini ne. Kuma ka san wani abu? Gangar dokin ba curi ba ce. A kan faifan da ake juyawa aka gina ta kamar doguwar tukunya, cikinta rami, sannan aka kwantar da ita aka dasa mata ƙafafu da ƙirjin mutum da hannu. An samu wata barewa ta laka a maƙabartar Atens, ta kusan zamani ɗaya, da aka yi ta haka.

Baba Tanko:
To ai shi ke nan. Mai gina tulu ne ya yi shi, ba yaro ba. Curi mai wannan kauri in ka sa a wuta fashewa zai yi, ruwan da ke ciki ba shi da hanyar fita. Ya san wuta.

Bala Lauya:
Baba, na karɓi cewa da gangan aka sara. Amma da gangan ba ya nufin Kiron. Mai yiwuwa ne wani labarin ne daban da ya mutu tare da masu ba da shi.

Dakta Rabi:
Barista, duba yadda maginan Girka ke aiki daga baya, sai ka ga dalilin da ya sa ake karkata can. A Sirakusa ta tsibirin Sisili, inda Girkawa suka kafa gari, an samu wani allon laka mai fenti, ya haura shekara 2,500. Medusa ce a jiki, dodanniyar da duk wanda ya kalli fuskarta zai zama dutse. Ido a zare, harshe a waje, haure biyu, fukafukai, ta durƙusa da gwiwa ɗaya alamar gudu. A hammatarta ta rungumi ɗan doki mai fukafukai, Fegasus. To a labarin, dokin nan bai fito duniya ba sai da jarumi Farsiyas ya fille mata kai, daga wuyanta ya fito. Ga ta da kanta a wuya, ga dokin a hannu. Maginin bai damu da wane ne ya riga wane ba, so yake mai kallo ya ce wannan Medusa ce ba 'yar'uwarta ba. Alama ɗaya ake sa wa mutum a gane shi. Doki ga Medusa, fatar zaki ga Herakiles, me zai hana rauni ga Kiron?

Bala Lauya:
Abin da zai hana shi ne shekara 300 da ke tsakani. Zamanin allon Sirakusa akwai rubutu, masu zanen tukwane har suna suke rubutawa kusa da mutum, muna da abin gwadawa. Na Lefkandi shi kaɗai ne a fili. Ina nan kan bakana.

Malam Habu Zariya:
Barista ya riƙe wuta. To a ajiye suna, a zo kan rabuwar kai da jiki, wadda ita ce ta fi damuna. A gefen wannan maƙabartar ne daga baya, wajen 1980, aka gano wani dogon gini mai kusan mita 50, na ƙarni na 10 kafin Miladiyya. A tsakiyarsa an binne tokar wani namiji a cikin tulun tagulla da aka kawo daga Kubrus, kusa da shi mace da kayan zinare, a rami na biyu kuma dawakai huɗu. Wato mutanen nan doki ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, kuma jiragensu na zuwa gabas. Maƙabartar da aka samu kentaur ɗin a bakin wannan ginin ta tsiro, kamar zuriyar gidan ce ke son kwanciya kusa da kakansu.

A irin wannan gida, abu mai daraja haka ba zai rabu biyu ya shiga kabari biyu a banza ba. Wasu masana na ganin 'yan gida ɗaya ne aka raba musu abin da ya haɗa su. Wasu na ganin fille kan wata al'ada ce ta binne mamaci, a kashe abin domin ya bi mai shi. Ni na fi karkata ga na farko. Ruwa ba ya tsami banza.

Shamsu Jos:
Malam, wannan zancen karyawa da gangan ya sa na janye batun wasan yara zuwa gefe, domin mu nan muna da irinsa. Kayan lakar Nok na kudancin Kaduna, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wurin haƙar kuza. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka yi aiki a yankin tun daga 2005 sun ce an fara gina su ne wajen shekara 900 kafin Miladiyya, kusan lokaci ɗaya da na Lefkandi ke nan. Kuma kusan duk a farfashe ake samunsu cikin ramuka, ta yadda suka fahimci da niyya aka fasa aka binne. Har da masu rabi mutum rabi dabba a ciki, akwai mai kan mutum da bakin tsuntsu. Ban ce akwai alaƙa tsakaninsu ba, ko kusa. Amma duk wanda ya zo Jos ya shiga gidan tarihi ya gani da idonsa.

Zainabu Ɗaliba:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Anti Rabi, mai bakin tsuntsun nan ya sa zan yi tambaya. Na ga hoton wata 'yar laka an rubuta sairen a ƙasa, amma jikinta na tsuntsu ne. Ni a sanina sairen ai 'yar ruwa ce mai wutsiyar kifi, irin ta finafinai.

Dakta Rabi:
Ƙanwata, ta finafinan daga baya ta zo, Turawan tsakiyar zamani ne suka mai da ita kifi. A wurin Girkawan dā tsuntsuwa ce mai kan mace. Labarin da aka fi sani shi ne na jarumi Odisiyas: suna zaune a wani tsibiri suna waƙa, duk matuƙin jirgin da ya ji ba ya komawa gida. Sai ya toshe kunnuwan mutanensa da kakin zuma, shi kuma ya sa aka ɗaure shi a jikin itacen jirgi don ya ji waƙar ya tsira. Abin lura, Homa bai faɗi kamanninsu ba sam. Magina da masu zane ne suka ba su jiki, kuma da alama daga gabas suka aro shi, domin Misirawa sun daɗe suna zana ran mamaci a siffar tsuntsu mai kan mutum.

A ƙarni na 6 kafin Miladiyya, garuruwan Girkawa na gabas suna yin 'yan kwalaben turare na laka a siffar sairen, bakin kwalbar a bisa, ana kai su ko'ina a bakin Bahar Rum. Amma waɗanda suka fi taɓa ni su ne na Mirina, wani tsohon gari a gaɓar tekun Turkiyya ta yau, arewa da Izmir. Faransawa biyu, Edmond Pottier da Salomon Reinach, sun tono dubban kaburbura a can daga 1880 zuwa 1882. Sairen ɗin da suka samu ba masu halaka matafiya ba ne. Mace ce har ƙugu, ƙafafu da wutsiya na tsuntsu, fukafukai a buɗe, hannu ɗaya a ƙirji tana duka, ɗayan a ka tana jan gashi. Makoki take yi. Ki duba fa, dodanniyar da labari ya ce tana kashe mutane, iyalan mamaci sun saye ta da 'yan kuɗi kaɗan sun sa a kabari ta yi ta kuka a madadinsu bayan kowa ya watse. Wannan ba za ki same shi a waƙoƙin manyan mawaƙansu ba, sai a laka. Shi ya sa nake cewa kayan lakar nan sun fi manyan gumakan dutse gaya mana yadda talaka ya ɗauki labaran.

Maman Hanif:
Allahu akbar. Rashin ɗa ko miji ciwonsa ɗaya ne ko'ina. Allah ya sa mu cika da imani.

Zainabu Ɗaliba:
Amin Mama. Anti, sifinkis fa? Ba ta Masar ba ce?

Dakta Rabi:
Akwai ta Masar akwai ta Girka. Na Masar galibi namiji ne, kan sarki a jikin zaki, ba fukafukai. Ta Girka mace ce mai fukafukai, ita ce ta tare hanyar birnin Tebes da kacici-kacici: mene ne ke tafiya da ƙafa huɗu, sannan biyu, sannan uku? Jarumi Odifus ya ce ɗan Adam ne, rarrafe, tafiya, sanda. Ita ma a kabari aka fi ganinta, tana gadi. A wasu siraran allunan laka na ƙarni na 5, da ake dangantawa da tsibirin Milos, har an nuna ta ta danne wani saurayi. Allunan na da hudar ƙusa, da alama a jikin akwatunan katako ake kafa su.

Baba Tanko:
Malama, kin ce 'yan kuɗi kaɗan. Aikin da ke da fukafukai da gashi da yatsu ba ya araha in da hannu ake yin kowanne. Yaya suke yi?

Dakta Rabi:
Mazubi ne, Baba. Tun wajen ƙarni na 7 kafin Miladiyya suka koyo shi daga gabas. Gwani zai gina guda ɗaya da hannu, a danna laka a jikinsa a cire, a gasa, an samu mazubi. Daga nan ko almajirin magini zai iya: ya shimfiɗa laka siririya a ciki, ya bi da yatsa yana dannawa, ya bari ta sha iska ta saki, ya haɗa gaba da baya. Kai da hannu da fukafukai sau da yawa daban ake zuba su a liƙa, shi ya sa za ka ga jiki iri ɗaya da kawuna daban-daban. A baya sai a yanke taga. Bayan an gasa a shafa farar ƙasa... a'a, farar ƙasar kan riga wuta, launukan ne ke biyo baya: ja da rawaya na ƙasa, baƙi, shuɗin Masar, ruwan hoda daga saiwar wani tsiro, wani lokaci har ruwan zinare. Da yake launin bai shiga wuta ba, shi ya sa ya kakkaɓe, muke ganinsu yau jajaye tsirara. A zamaninsu sheƙi suke yi. A Mirina har akwai masu sa sunansu a baya, wanda aka fi sani shi ne Difilos.

Baba Tanko:
To in haka ne akwai abin da zai biyo baya, ki gaya mini ko ya faru. Laka tana shanyewa in ta bushe, ta ƙara shanyewa a wuta. Wanda ba shi da mazubi zai sayi guda ɗaya a kasuwa ya danna nasa a jiki. Nasa zai fito ƙarami, fuskar kuma ta dushe. Na bayansa ya kwafa daga nasa, ya ƙara ƙanƙancewa.

Dakta Rabi:
Wallahi Baba kamar kana wurin. Haka ya faru, kowane kwafi na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Da wannan ne masana ke jera su kaka da ɗa da jika, har su gane cewa samfurin da aka fara a Atens ko Korinti ya je Sisili ko bakin Baƙin Teku an kwafe shi a can da ƙasar wurin.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Ina ganin irin waɗannan a shafukan gwanjo na intanet, an rubuta na asali ne, shekara 2,000 da wani abu. Akwai na gaske a ciki kuwa?

Malam Habu Zariya:
Ɗan'uwa, wannan kasuwar tun asalinta da ruɓa ta tashi. Wajen 1870 manoman Tanagara, a yankin Biyotiya na Girka, suka fara cin karo da kaburbura masu 'yan matan laka sanye da mayafi, kyawawa ƙwarai. Cikin 'yan shekaru aka farke dubban kaburbura, aka kwashe kayan aka watsar da sauran, alhali Girka na da dokar kare kayan tarihi tun 1834. Bayan baje kolin Faris na 1878 kowane attajiri a Turai na son nasa. Da na gaske suka yi ƙaranci sai 'yan jabu suka shigo, wasu ma da tsohon mazubi suke aiki, wasu su ɗauki kan wannan su liƙa a jikin wancan. A shekarun 1880 aka cika kasuwa da manya-manyan haɗe-haɗe na labaran almara da aka ce daga Asiya Ƙarama suke, manyan gidajen tarihi suka saya, Reinach ɗin nan da Dakta ta ambata yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa na jabu ne.

Yanzu akwai gwaji. Ana huda a ɗebi ɗan gari, a zafafa shi, hasken da ya fitar ya nuna tsawon lokacin da ya wuce tun da lakar ta shiga wuta. Amma ko shi ana yi masa dabara, a haɗa jiki da tsofaffin gutsattsari ta yadda duk inda aka huda tsoho ne. In na gaske ne kuma ba takardar asali, to kabarin wani aka fasa.

Ɗan Damagaram:
Mun san wannan ciwon. Kayan lakar Bura da ke yammacin ƙasarmu, an gano wurin a 1975, masanin kayan tarihi Boubé Gado ya tono shi a 1983. Da aka kai su baje koli Turai duniya ta gani, sai masu haƙar dare suka far wa yankin.

Shamsu Jos:
Nok ma haka, a shekarun 1990 aka yi mata wawa. A shekara ta 2000 har gidan tarihin Louvre na Faris ya baje wasu da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, aka yi ta cece-kuce, daga baya Faransa ta amince mallakar Najeriya ne aka bar mata aro na shekara 25.

Bala Lauya:
A nan kam ni da Malam Habu ba mu da saɓani. Duk gardamar da muke yi tun safe, Kiron ne ko ba shi ba, 'yan gida ɗaya ne ko al'ada ce, mun samu abin yi ne saboda waɗanda suka tono sun rubuta wane kabari kai yake, wane kabari jiki yake. Da ɓarayi ne suka riga su, da an sayar da kan a Landan, jikin a wani gari, ko dillali ya liƙe su ya shafe wurin. Shaidar da aka ɗauke daga inda abu ya faru ba tare da rubutu ba, ta daina zama shaida. Amma sunan Kiron dai har yanzu ban sa hannu ba.

Ustaz Nura:
Ni ma abin da zan ƙara, tone kabari don neman abin sayarwa haramun ne ko na wane ne. Wanda ya saya kuma ya taya.

Baba Tanko:
Malam Habu, in kana da hoton bayan sairen ɗin nan mai kuka, ɗora mini. Kowa gaba yake ɗauka.

Malam Habu Zariya:
Ga shi nan Baba, na wata ce daga Mirina.

Baba Tanko:
Madalla. Kun ga tagar, da wuƙa aka yanke ta tun laka na da danshi, kusurwoyin sun nuna. Bayan kuma ko gyara shi bai yi ba, ya shafe da hannu kawai, ya san bango ko ƙasa za ta jingina. Ku duba gindin fukafukan inda ya ƙara laka ya dafe, nan ne wurin da ke fara sakewa. Ɗan Damagaram, in ka ga wadda aka ce ta shekara 2,000 a ƙasa, fukafukai biyu lafiya lau ba tabon ɗori, bayanta kuma an goge shi sumul kamar gaba, ka riƙe kuɗinka.